Inda Labari Ya Tsaya: Sharhi a kan Ceto a Teku a Fim ɗin Io Capitano

Abin da wannan takarda za ta duba ɗan kaɗan ne, wato kashin ƙarshe na fim ɗin Io Capitano, wanda Matteo Garrone, ɗan ƙasar Italiya, ya shirya a 2023, har ya sami kyautar gwanin masu ba da umarni a bikin fina-finai na Benis a wannan shekara. Ra'ayina shi ne fim ɗin ya ƙware wajen nuna yadda ake neman ceto a teku, amma ya yanke labari daidai inda ya kamata a ga abin da ke biyo bayan ceton.

Zubin labarin ba shi da wuya. Samari biyu 'yan'uwa, Seydou da Moussa (Saidu da Musa ke nan a bakinmu), sun bar Dakar a ɓoye da niyyar zuwa Turai, suka biyo ta Agadas, suka ƙetare Sahara, suka sha azaba a Libiya. An harbi Musa a ƙafa, kuɗin da ke hannunsu kuwa bai isa ƙetara da mutum biyu ba. Sai masu safarar mutane suka ce za su ɗauke su in Saidu ya yarda ya tuƙa jirgin. Yaro ne ɗan shekara 16 wanda bai taɓa tuƙa jirgin ruwa ba, aka ɗora masa rayukan mutane maƙil a cikin wani tsohon jirgi, aka nuna masa arewa.

A nan ne gwanintar Garrone ta fito. Galibin hotunan da muka saba gani na irin wannan jirgi daga sama ake ɗaukar su, ko daga jirgin masu ceto, mutane su zama tamkar tururuwa a kan kara. Shi kuwa sai ya ajiye na'urarsa a cikin jirgin, ya sa mai kallo ya ga teku da idon wanda ke jira. Akwai mace mai ciki a cikin matsanancin hali, akwai waɗanda numfashi ya kusa ƙare musu a can ƙasan jirgi. Saidu ya buga waya neman taimako, amsar da ya samu ita ce a jira, kuma ba wanda ya zo. Da dare suka hango fitilu suka ɗauka ƙasa ce, ashe wurin haƙo mai ne a tsakiyar ruwa. Ba a yi wa kowa huɗuba ba, amma duk wanda ya san cewa yarjejeniyar Hambag ta 1979 a kan nema da ceto, da sashe na 98 na dokar teku ta 1982, sun wajabta a kai wa duk wanda ke cikin haɗari ɗauki ba tare da tambayar ko shi wane ne ba, zai gane nauyin wannan shirun.

To, sai ƙarshen. An hango Sisili, jirgi mai saukar ungulu yana shawagi a bisansu, na'ura ta tsaya cak a kan fuskar Saidu yana kuka yana ihu cewa shi ne kyaftin, ba wanda ya mutu a hannunsa. Shi ke nan, fim ya ƙare. Matsalar ita ce, a ƙarƙashin sashe na 12 na dokar shige da fice ta Italiya ta 1998, wanda ya riƙe sitiyarin irin wannan jirgi ana iya tuhumarsa da safarar mutane. Bayan haɗarin Kutro na Fabrairun 2023, inda mutum 94 suka halaka, an ma ƙara tsananta hukuncin har zuwa ɗaurin shekara 30 in an yi asarar rai. Fofana Amara, ɗan Gini wanda aka gina wannan kashi a kan labarinsa, yana ɗan shekara 15 ya tuƙa jirgi zuwa Italiya, kuma kurkuku ne ya tarbe shi. Ashe ihun da Saidu ke yi na alfahari, a kunnen ɗan sanda amsa laifi ne.

Za a iya cewa da gangan Garrone ya yi haka, domin mai kallo ɗan Italiya ya san abin da ke jiran yaron, sai murnar ta zame masa abin tausayi. Wannan hujja tana da ƙarfi, kuma lalle fuskar ɗan wasan, Seydou Sarr, tana ɗauke da tsoro gauraye da farin ciki. Sai dai salon da ya dogara a kan abin da mai kallo ya riga ya sani ba ya aiki iri ɗaya a ko'ina. A 2024 an zagaya da fim ɗin garuruwan Senigal ana nuna wa matasa. Yaron da ya kalle shi a can, ko a Agadas, bai karanta dokar 1998 ba. Ya ga azabar hamada da ta gidajen yarin Libiya filla-filla, sa'an nan ya ga sa'ansa ya kai jirgi gaci ana shirin karɓarsa, ba a nuna masa ko minti ɗaya na abin da ke faruwa a tashar jirgin ruwa ba, lokacin da jami'ai ke bin fasinjoji ɗaya bayan ɗaya suna tambaya wa ya tuƙo su.