Ledar Biredi Ba Ta Isa Kare Wayar Masunci Ba

Tun da aka kammala madatsar ruwan Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, da ido masuntan Bebeji da na gefen Tudun Wada suke gane hanya: wancan dutse, waccan bishiya, mafaɗar rana. Yau waya ta shiga cikin kayan su. Da ita ake kiran dillalin kifi tun ba a iso gaɓa ba, da ita ake haska kalli da asuba, wasu samarin ma sun iya sa alama a taswira daidai inda suka dasa mali. Ruwa ne mai faɗin kusan murabba'in kilomita 180, ranar da hazo ya sauka ko ƙetare ba a hange, don haka ban ga laifin mai neman taimakon na'ura ba. GPS daga tauraron ɗan'adam yake karɓar saƙo, ko babu sabis yana aiki, in dai an sauke taswirar tun daga gida.

Riƙon da ake yi wa wayar ne bai kwanta mini ba. A ƙulle ta a ledar biredi, a cusa a aljihun gaba, shi ke nan wai an kare ta. Leda tana tare fantsamar filafili, ban musa ba. Amma ƙayar tarwaɗa ɗaya ta isa ta huda ta, in kuwa ta sha rana sai gumi ya taru a ciki ya bi ta ramin caji. Jiƙa ma da sauƙi. Mutum ya sunkuya jan birgi, waya ta sulale daga aljihu, ina igiyar da za ta riƙe ta?

Masu waya mai tsada kuma suna taƙama da lambar kariya daga ruwa ta IP67. Alkawarin lambar nan bai wuce zurfin mita 1 na minti 30 ba, shi ma ga wayar da ba a taɓa buɗewa ba. Wadda mai gyara ya canza wa sikirin ta fita daga lissafi. Tsakiyar Tiga ai ba mita 1 ba ce. Batun binne jiƙaƙƙiyar waya a shinkafa kuwa, kamfanin Apple da kansa ya ce a daina. A kashe ta, kada a sa caji, a bar ta ta sha iska.

Jakar roba mai makulli da igiya, irin wadda ake samu a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ta fi. Kafin ka amince mata, sa takarda a ciki ka nutsa ta a bokiti ka gani. Sannan ka rataya ta a jikinka, ba a jikin kwale-kwale ba, domin in jirgi ya kife da abin da ke cikinsa yake tafiya.

A nan ne maganar ta wuce kuɗin waya. Wanda zai kira a kawo ɗauki sai yana saman ruwa tukuna. Jama'ar Kano ba su manta da Nuwamban 2021 ba, lokacin da jirgi ya kife a ruwan Watari na Bagwai, mutum fiye da 20 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya. Sarakunan ruwan Tiga da Bagauda, ku da ake jin maganarku a bakin gaɓa, ku hana mutum tura kwale-kwale in babu rigar kariya a jikinsa, ko da wayarsa tana cikin jaka mafi kyau.