Jinjina ga Mai Sauka Dutse Saboda Fure

A tsibirin Kauai na Hawaii, masanin tsirrai Steve Perlman ya shafe shekaru yana ɗaura igiya a ƙugu yana sauka gangaren duwatsun Na Pali, teku na ruri a ƙarƙashinsa. Alula yake bi, wani tsiro mai kama da kabeji a kan sanda. Ƙwaron da ke yi masa barbara ya ɓace, awakin jeji kuma sun cinye duk wanda bakinsu ya kai. Sai Perlman ya riƙa ɗebo garin fure da ɗan burushin fenti, daga wannan ya shafa wa wancan, ya komo daga baya ya kwashi iri. Kasada ce, wallahi. Yanzu har a gidajen Turai ana rainon alula cikin tukwane.