Yanyawa Mai Wutsiya Tara

'Yan'uwana mata, da wuya a ce ba ku taɓa ganin ɗan halittar nan rawaya mai jajayen kumatu ba, wanda ake bugawa a jakunkunan makarantar yara, daga Mabera har Runjin Sambo. Sunansa Pikachu, kuma ɗan gidan wasan Pokémon ne, wanda kamfanin Nintendo na Japan ya fitar a 1996 da halittu 151, yanzu kuwa sun haura dubu. Yaro ya yi ta farautarsu yana tarawa, shi ke nan wasan.

To ni wadda ta tsaya mani a rai cikinsu ita ce Ninetales. Yanyawa ce mai gashi ruwan zinare, idanu jajur, ga wutsiya har tara a baje kamar maficin amarya. Wallahi wanda ya zana ta ya iya, don ko ba a faɗa maki ba kin san wannan ba dabbar banza ba ce.

Amma fa ba su suka ƙago ta ba, daga tatsuniyarsu suka ɗauko. Mutanen Japan na ce mata kitsune, wai in yanyawa ta tsufa sai ta riƙa ƙara wutsiya da wayo har ta kai tara, ta kuma iya rikiɗa ta zama kyakkyawar mace. Akwai wadda suke kira Tamamo-no-Mae, wadda ta shiga fadar Sarki Toba ta sace masa zuciya, ya yi ta ciwo har sai da wani mai duba ya tona asirinta. Ashe ba mu kaɗai ke da labarin ɓaunar da ta zama budurwa ta auri maharbi don ta ji sirrinsa ba!

Masu wasan sun cire macen gaba ɗaya, kuma a nan na yaba masu, don mun gaji da a ce duk kyakkyawa muguwa ce. Ko mu marubuta mun cika littattafanmu da irin wanga zargi.

Inda suka ɓata mani rai daban ne. A tatsuniya shekaru ke ba ta wutsiya, sai ta ga jiya ta ga yau. A wasan kuwa ƙaramarta, Vulpix, mai wutsiya shida, dutsen wuta kawai za a ba ta, nan take ta zama mai tara, kuma a wasan farko a kanti ake sayen dutsen. Haba! Sun ma rubuta cewa wanda ya kama wutsiyarta la'ana za ta bi shi shekara dubu, amma ga yaro ya cusa ta cikin 'yar ƙwallo ya jefa aljihu, yana aikenta faɗa kamar zakara. Ke kin taɓa jin Dodon tatsuniyar kakarki ya shiga aljihun wani?