Dusar Ƙanƙara a Kambara: Sharhi a Kan Farin da Ba a Shafa Ba

Ban taɓa ganin dusar ƙanƙara da idona ba. Amma a hutun da ya wuce na sami fentin ruwa da burushi, na ce sai na kwaikwayi wani zane da na gani cikin littafi a laburare, watau zanen garin Kambara da dare, ƙanƙara na zuba. Mai zanen shi ne Utagawa Hiroshige, mutumin Japan, wanda ya rayu daga 1797 zuwa 1858. Zanen yana cikin jerin da ya yi wajen 1833 a kan zango 53 na hanyar Tokaido, wadda ta haɗa Edo, watau Tokiyo ta yau, da Kiyoto.

Abin da ke cikin zanen kaɗan ne: gidaje da ƙanƙara ta danne rufinsu, duwatsu a baya, sai mutum uku a sunkuye, biyu sun nufi hawa, ɗaya da laima ya ba su baya. Na ce ai wannan aikin yamma ɗaya ne. Na shafe takarda duka da baƙi-baƙi don in sami dare, sa'an nan na ɗora fari a kai. Ina! Sai abu ya koma toka-toka kamar ruwan wanke tukunya. Takarda huɗu na ɓata kafin in gane cewa fentin ruwa shara-shara ne, haske ba ya hawa kan duhu. Mai son fari sai ya kewaye wurin, ya bar takarda yadda take, ya fara da launi marar ƙarfi, ya jira ya bushe, ya ƙara duhu sannu a hankali.

Ko da yake aikin Hiroshige bugu ne da aka sassaƙa a katako, dabarar ɗaya ce. Rufin gidajen nan da duwatsun, takarda ce tsura. Duhun da ke kewaye da su shi ya mai da su ƙanƙara.

To, akwai masu kushe zanen, suna cewa Kambara tana bakin teku a yanki mai ɗumi, da wuya ƙanƙara ta zuba can haka, saboda haka mai zanen ƙaga abin ya yi. Ni ban ɗauki wannan aibi ba. Wanda ya dubi bayan mutanen nan a lanƙwashe zai ji sanyi, zai kuma ji garin ya yi tsit. Inda nake da ƙorafi shi ne garin kansa: gidajen kusan duk kamarsu ɗaya, ba abin da zai sa ka ce nan ne Kambara ba wani ƙauye ba. Dare ya fito, wuri bai fito ba.

Darasin ya shafe mu, mu masu koyon rubutu. Sau da yawa gajerun labaranmu cike suke da bayani, mu faɗi baƙin cikin tauraro, mu sake fassara shi, mu rufe da wa'azi. Mun shafe takarda duka, ba mu bar wa mai karatu fari ko kaɗan ba. Takardata ta biyar tana nan manne a bangon ɗakina. Ba ta yi kyau ba, amma rufin gidajen fari ne, kuma ban taɓa su da burushi ba.