Nasiha ga Sarakuna: Rubutun da Ya Wuce Waɗanda Aka Yi Dominsu

Cikin shekaru talatin kacal, tsakanin 1490 da 1520, mutum uku a ƙasashe masu nisa da juna suka zauna suka rubuta wa masu mulki yadda za su riƙe sarauta. A Kano, Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarimu Magili, mutumin Tilimsan, ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa littafin da aka sani da Tajuddin fi ma yajibu alal muluk. A wata gona kusa da birnin Filorans na Italiya, Nikolo Makiyabeli ya rubuta ɗan littafinsa kan basarake a 1513. Shekara uku bayan haka Irasmus, malamin Kirista ɗan ƙasar Holan, ya fitar da nasa kan tarbiyyar basarake Kirista, ya sadaukar da shi ga Yarima Carles, yaro ɗan shekara 16 wanda daga baya ya mallaki kusan rabin Turai.

Wannan fanni na nasiha ga sarakuna ya girme su duka. Nizamul Mulki ya yi wa sarakunan Saljuƙawa irinsa tun ƙarni na 11, Ɗurɗushi ya rubuta Sirajul Muluk a Masar, kuma malaman coci sun daɗe suna yi wa sarakunan Turai. Saboda tsufansa ne masu karatu da yawa ke raina shi. Suna ganin wa'azi ne da kowa ya haddace: ka yi adalci, ka ji tsoron Allah, ka nisanci mugun bafade. Ni kuwa ina ganin babu rubutun da ya fi shi nuna yadda addini da ilimi da mulki suka riƙa canza zama da juna a wancan zamani, in dai mutum zai duba wanda ya rubuta, da wanda aka rubuta wa, da halin da fadar take ciki a lokacin.

A ɗauki na Kano. Rumfa ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, kuma littafin tarihin sarakunan Kano ya lissafa masa abubuwa goma sha biyu da ya ƙaga. A cikinsu akwai gina Gidan Rumfa, da faɗaɗa ganuwa, da kasuwar Kurmi, da majalisar Tara ta Kano. Akwai kuma kakaki, da figini, da takalman gashin jimina, da dawakin zage, da kulle, da naɗa bābānni a manyan muƙamai. Duk wanda ya dubi wannan kashi na biyu zai ga manufa guda ce ke tafe da su, wato a ɗaukaka sarki, a nisanta shi, a sa ganinsa ya zama abu mai wuya. Sarautar Kano tana tashi daga shugabancin manyan gidaje tana zama fada mai ƙofofi da dogarai da bayin sarki.

Ga wannan sarkin ne Magili ya rubuta babi takwas, kuma kowane babi yana rufewa da gargaɗi iri ɗaya, cewa babu masifar da ta kai sarki ya ɓuya wa talakawansa. Wanda ya karanta littafin ba tare da sanin Rumfa ba zai ɗauka amshi ne na ƙawata zance. Wanda ya san me ake ginawa a Kano a lokacin zai gane cewa malamin ya ga inda aka dosa, ya kuma nanata maganar sau takwas don kada a ce ba a ji ba.

Amma kada a ɗauka Magili maƙiyin kwarjinin sarauta ne. Babi na biyu gaba ɗaya a kan kamannin sarki yake: yadda zai harɗe ƙafa ya natsu in ya zauna, ya rufe baki in hamma ta zo, ya guji ƙyalƙyala dariya, ya yi ado amma ban da zinariya da alhariri. Babi na uku ya jera ma'aikatan da daula ke buƙata, waziri da marubuta da ma'aji da alƙalai da manzanni da 'yan leƙen asiri. Na huɗu a kan tsaron kai ne, har da yin hattara da abinci da abin sha da makwanci. Wato shi ma daula mai ƙarfi yake so, mai tsari, mai ido ko'ina. Sharaɗinsa shi ne ƙarfin ya shiga ƙarƙashin shari'a: sarki ya zauna wa jama'a kullum inda mace da yaro za su iya isa gare shi, kada ya karɓi kuɗi don ba da muƙami, kada ya taɓa dukiyar talaka sai ta halattacciyar hanya. Ciniki ne tsakanin malami da sarki. Malami ya ba sarauta halacci, sarki kuma ya yarda akwai wani ma'auni a samansa, wanda malamai ne ke riƙe da shi.

Makiyabeli wannan cinikin ya rushe. Ya ɗauki tsohon tsarin fannin bai canza ba, da sadaukarwa ga basarake, da babi-babi kan kyauta da rowa, tausayi da tsanani, cika alkawari da saɓa shi, sai ya juya amsoshin. A wajensa basarake yana buƙatar a gan shi da addini da amana fiye da yadda yake buƙatar ya kasance da su. Misalin da ya fi so shi ne Cesare Borjiya, wanda ya naɗa wani azzalumi ya murƙushe masa yankin Romanya, da aiki ya kammala sai aka wayi gari a dandalin garin Cesena, a Disamban 1502, da gawar mutumin an raba ta biyu, jama'a suka huce a kan gawar suka manta da wanda ya turo shi. Makiyabeli ya kawo wannan a matsayin darasi abin koyi. Ba a buga littafin ba sai 1532, shekara biyar bayan mutuwarsa, kuma a 1559 Cocin Katolika ya sa shi cikin littattafan da aka haramta karantawa.

Ana yawan cewa Makiyabeli ne mai idon gaskiya, sauran kuma masu mafarki. Ban yarda da wannan rabon ba. Magilin da ya ce wa sarki ya kula da wanda ke dafa masa abinci, ya kuma baza 'yan leƙen asiri, ya san fada sarai. Bambancinsu shi ne wa zai yi wa sarki hisabi. Magili da Irasmus, duk da saɓanin addininsu, sun yarda akwai shi. Irasmus har ya yi ta jan kunnen Carles a kan yaƙi da yawan haraji. Makiyabeli ya bar basarake shi kaɗai da sakamakon aikinsa: in mulki ya ɗore ya yi daidai, in ya faɗi ya yi kuskure. Carles kuwa ya shafe rayuwarsa a fagen fama, sojojinsa suka wawashe birnin Rum a 1527. Wanda Makiyabeli ya sadaukar wa littafinsa, Lorenzo na gidan Medici, bai ba shi aikin da yake nema ba.

Batun neman aiki ya kai mu ga abin da ya kamata a riƙa tunawa game da wannan fanni: mai nasiha yana da tasa buƙatar. Makiyabeli ya rubuta ne bayan an kore shi daga ofis a 1512, an ɗaure shi, an azabtar da shi. Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar Istambul, inda rubutun nasiha ya zama kamar sana'a a daular Turkawa. Luɗufi Basha ya rubuta Asafname bayan an tuɓe shi daga waziranci a 1541. Mustafa Ali, wanda ya yi ta neman muƙaman da bai samu ba, ya rubuta tasa nasihar a 1581. Koci Bey ya miƙa wa Sarki Murad na Huɗu takardarsa wajen 1631, yana kukan cewa cin hanci ya yi yawa, an cika rundunar Janisari da waɗanda ba su cancanta ba, an ba 'yan fada gonakin da a da ake ba mahaya dawakin yaƙi. Ya kuma kai tushen ɓarnar har zamanin Sulaimanu mai girma, wanda ya daina zaman majalisa da kansa. Ga shi dai ɓuyar sarki ta sake fitowa, a wata fadar, da wani harshen.

Shekaru da yawa masana tarihi na Turai sun ɗauki waɗannan takardu a matsayin shaida cewa daular Turkawa ta kama hanyar rushewa tun ƙarshen ƙarni na 16. Daga baya wasu masana, irin su Rifa'at Abul Hajj, suka nuna cewa an yi musu karatun gaggawa. Abin da ke faruwa canji ne. Yaƙi ya koma na bindiga, mai bindiga kuma albashi yake so a hannu, don haka dole daula ta nemi tsabar kuɗi, ta rage dogaro da mahaya masu gonaki. Waɗanda canjin ya ture su ne suka riƙe alƙalami, suka kira shi lalacewa. Daular da suka yi wa makoki ta ƙara kusan shekara ɗari uku a raye. Kukansu ba ƙarya ba ne, an ci hanci, an yi zalunci, amma kukan wani rukuni ne da ke rasa matsayinsa, kuma haka ya kamata a karanta shi.

Magili ma ba a tsame shi daga wannan awo ba, kuma a nan ne nake ganin masu yabonsa suna saurin wucewa. Kafin ya iso ƙasar Hausa ya tayar da rikici a Tuwat, cikin Sahara, a kan Yahudawan da suka daɗe a can suna kasuwanci. Alƙalin Tuwat, Abdullahi Asnuni, ya saɓa masa, malaman Magrib suka rabu biyu, amma aka rushe wurin ibadar Yahudawan a Tamanɗiɗ, aka kashe mutane. Mutumin da ya nace a bar mace da yaro su isa gaban sarki shi ne kuma ya yi wannan. Ba na ganin ɗaya yana goge ɗaya. Abin da yake nunawa shi ne adalcin da fannin ke kira gare shi yana da iyaka, kuma marubucin ne ke shata ta. Har ila yau, a duk waɗannan littattafai, daga Kano har Istambul, ana magana a kan talaka ne, ba a magana da shi. Garke ne da za a kiwata da kyau, ko tushen haraji da bai kamata a ƙafar da shi ba.

Daga Kano da Katsina Magili ya wuce Gawo, inda Askiya Muhammadu ya ƙwace mulkin Songai a 1493 daga hannun ɗan Sunni Ali. Askiya ya yi masa tambayoyi, amsoshin kuma sun fi Tajuddin kaifi nesa ba kusa ba. A nan ya raba malamai biyu, na Allah da na son zuciya. Ya yanke cewa Sunni Ali, da yake ya haɗa salla da bautar gargajiya, ya fita daga Musulunci, kuma yaƙar irinsa ya fi yaƙar wanda bai taɓa musulunta ba. Ya kawo batun mai jaddada addini da ke zuwa a kan kowace shekara ɗari. Ga Askiya, wannan wanke juyin mulkinsa ne kawai. Sai dai hujjar da aka rubuta don wanke sarki guda ba ta mutuwa tare da shi.

An ci gaba da kwafar waɗannan rubuce-rubuce da hannu, daga malami zuwa almajiri, a zaurukan Agadas da Katsina da Kano da Gobir, har shekara ɗari uku. Hausawa na cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma a kan wannan fahimtar sarakuna suka riƙa haƙuri da nasiha. Amma a ƙasar Gobir ya zama sauke mu raba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ɗebo dogayen sassa daga amsoshin Gawo ya zuba a Sirajul Ikhwan, ya auna sarakunan zamaninsa da ma'aunin da aka auna Sunni Ali. Kitabul Farƙ da ake danganta masa ya bi haramtattun hanyoyin tara dukiya ya kira su da sunayen da kowa ya sani, jangali da kuɗin gari da gaisuwa. Rubutun da aka yi don kunnen sarki ya koma abin karantawa a gaban jama'ar da ta yi hijira zuwa Gudu a 1804. A Turai an ga makamancin haka ta wata hanyar: injin ɗab'i ya fitar da muhawarar addini da mulki daga fada zuwa kasuwa, har manoman Jamus suka buga buƙatunsu goma sha biyu a 1525 da hujjoji daga Linjila, kafin sarakuna su murƙushe su da goyon bayan Martin Luta.

Bayan jihadin Shehu fannin ya shiga wani hali da bai taɓa shiga ba a ƙasar Hausa, domin malaman da ke nasiha su ne yanzu ke kan karaga. Abdullahi ɗan Fodiyo ya ga yadda wasu daga cikin jama'a suka fara son dawaki da tufafi da muƙami, ransa ya ɓaci, ya kama hanyar gabas. A Kano aka tsayar da shi, wajen 1807, aka roƙe shi ya rubuta musu yadda za su yi mulki. Ya rubuta Liya'ul Hukkam, kuma ya shigar da nasihar Magili ga Rumfa a ciki, wannan karon don Fulanin da suka kori zuriyar Rumfa. Muhammadu Bello ya rubuta Usulus Siyasa don Umaru Dallaji na Katsina. A Kano kuwa sababbin sarakunan suka zauna a Gidan Rumfa, kuma a zamanin Ibrahim Dabo, wanda ya hau a 1819, aka dawo da yawancin tsofaffin sarautu da bayin sarki da kayan alfarmar fada.