Sholay bayan shekara hamsin: mu da 'ya'yanmu

Daren Juma'ar da ta wuce, bayan an tashi daga kasuwa, muka zauna da samarinmu muka sake kallon Sholay, fim ɗin Indiya na 1975 da Ramesh Sippy ya shirya. Da ƙuruciya mun sha kallonsa har ba adadi. Su kuwa yaran, dariya suka yi ta yi. Wai 'yan fashi a kan doki, bindiga sai an tsaya an ɗura, ga waƙa ana tsakiyar tashin hankali, ga tsawo ya haura awa uku.

Gaskiyarsu ta wani ɓangaren. Faɗan ya tsufa, barkwancin gidan yarin nan ma da an rage shi da ya fi. Amma da aka zo inda yaran Gabbar Singh ke shiga ƙauyen Ramgarh suna karɓar hatsi a matsayin haraji, sai ɗakin ya yi tsit. Da can muna ɗaukar wannan almarar Indiya ce. Yau kowa a cikinmu yana da ɗan'uwa a Zamfara ko Katsina da sai ya biya kafin ya girbe gonarsa.

Inda ya fi taɓa mu shi ne makahon limamin ƙauyen, wanda Gabbar ya kashe masa ɗa, aka turo gawar a kan doki. Mutanen gari suka tsorata, suna neman a miƙa wuya, dattijon ya ƙi, ya tashi ya nufi masallaci. Anan darajar fim ɗin take. Ya nuna kisa da nauyinsa, har da kukan iyaye. Yawancin finafinan daba na yanzu gawa ba ta da uwa ba ta da uba, ƙirga ta kawai ake yi.

Aibinsa kuma ba za mu ɓoye ba. Amjad Khan ya iya wasan har mugun ya fi kowa farin jini. Mu kanmu maganarsa muka riƙa kwaikwaya, ba ta limamin ba.

Shawararmu, iyaye, kada a bar yaro shi kaɗai da waya. A zauna a kalla tare, a tambaye shi wa ya burge shi. Daga amsarsa za a san inda gyara yake. Allah Ya shirya mana zuri'a.