Waƙoƙin Rok na Dauri Don Motsa Jiki: Shin Mudun Ya Cika?

Duk wanda ya buɗe Spotify ko YouTube yana neman kiɗan motsa jiki, ba zai rasa cin karo da jerin waƙoƙin rok na dauri ba, wato kiɗan jita da ganga na Amurka da Ingila daga shekarun 1960 zuwa na 1980. Kowane jeri da laƙabinsa: wannan na tattaki, wancan na sassarfa. Da yake likitoci sun taso mu gaba, mu masu wuni a zaune a shago, kan hawan jini da ciwon suga, kuma yaranmu ne ke loda mana kaya a waya, ya dace mu duba wannan haja. Hukuncin sauraron kiɗa magana ce ta zauren karatu, can muka bar ta. A nan awo kawai za mu yi, mu ga ko abin da aka rubuta a bayan buhu shi ne a ciki.

Mudun awon shi ne bugu. Ƙafar ɗan Adam tana bin ganga ko bai yi niyya ba, shi ya sa ake gayya da makaɗa. Mai tafiya da hanzari yakan yi taku 100 zuwa 120 a minti guda, mai sassarfa kuma kimanin 150 zuwa 170. Waƙar da bugunta ya yi daidai da taku takan riƙe mutum a kan hanya. Wadda ta saɓa kuwa, ko ta ja shi baya ko ta sa shi haki tun bai je ko'ina ba.

Ta fuskar tattaki dai, a gaskiya kayan sun yi. Waƙar ƙungiyar Queen ta 1980, "Another One Bites the Dust", tana da bugu kimanin 110 a minti, kuma tun daga farko har ƙarshe ba ta kauce ba. Haka "Eye of the Tiger" ta Survivor, wadda aka yi wa fim ɗin dambe na Rocky III a 1982, tana wajen 109. Dattijon da ya bi irin waɗannan zai yi gumi ba tare da ya wahalar da gwiwa ba.

Matsalar tana wajen sassarfa. Ita wannan ta Survivor kusan kowane jerin masu gudu sai ka gan ta, don kawai a fim an ga ɗan dambe yana atisaye, alhali saurinta na mai tafiya ne. "Back in Black" ta AC/DC ma ba ta kai bugu 100 ba. Ƙarar jita ce ke sa a ɗauka tana gudu. Kaɗan ne suka cika mudu, irin su "Don't Stop Me Now" ta Queen, mai bugu kimanin 156, ita ma sai ta fara da jan ƙafa kafin ta miƙe.

Akwai kuma waɗanda sam ba a yi su don ƙafa ba. "Stairway to Heaven" ta Led Zeppelin, ta 1971, minti takwas ce, kuma fiye da rabinta a sanyaye take tafiya. "Band on the Run", wadda Paul McCartney da ƙungiyarsa Wings suka fara ɗauka a ɗakin EMI da ke Apapa a nan Legas cikin 1973, kashi uku ce, kowane da nasa salo. An ce idan kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. To mai sassarfar da kiɗa ya canza masa sau biyu cikin minti biyar fa, yaya zai yi da numfashinsa?

Me ya sa masu haɗa jerin suke cusa irin waɗannan? Ai dalilin a fili yake. Tun shekarun 1980 gidajen rediyon Amurka suka ware wa wannan kiɗa tashoshi na musamman, suna ta maimaita sanannun waƙoƙi ga mutanen da suka tashi da su. Ba'amurke ɗan shekara sittin idan ya ji su, ƙuruciyarsa yake tunawa, wannan shauƙin shi ke ɗaga masa ƙafa ko bugun bai dace ba. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Wanda bai tashi a wancan gida ba, an sayar masa da buhu ne babu rabin kayan, abin da ya rage masa bugun kaɗai. Saboda haka mu a wurinmu shaharar waƙa ba ta ƙara mata ko kwabo.

Sai maganar baiti, wadda masu jerin ba su damu da ita ba ko kaɗan. Waccan ta Queen da muka yaba wa bugunta, labarin harbe-harbe take bayarwa. "Fortunate Son" ta Creedence Clearwater Revival, ta 1969, kuka ce a kan yadda aka tura 'ya'yan talakawa yaƙin Biyetnam, 'ya'yan manya suna gida. Waƙa ce mai nauyi, amma an jefa ta cikin jeri kamar maganin ƙarin kuzari. Wannan rashin adalci ne ga mawaƙan, kuma rashin kula ne ga mai sauraro. Ɗan kasuwan kirki ba ya karɓar kwalin da bai buɗe ba. Wanda bai jin Turancin waƙa sosai ya tambayi wanda ya ji kafin ya maimaita ta a bakinsa.

Ga wanda ya ga lallai sai ya yi amfani da su, awon ba wuya. Ƙirga takunka cikin daƙiƙa 15, ka ninka sau huɗu. Ƙirga bugun gangar waƙa haka nan. Wadda ta yi kusa da takunka ka bar ta, sauran ka goge, komai sunanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, wato minti 30 sau biyar. Ka fara da minti biyar a hankali, ka yi ashirin da hanzari, ka sauka da biyar. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya ji ta bakin likita kafin ya ce zai yi sassarfa.

Sannan a ji tausayin kunne. Kiɗan rok da ƙara aka san shi, kuma jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa. Idan na kusa da kai ya yi magana ba ka ji ba, ka wuce gona da iri. Waɗannan jeri an yi su ne da tunanin masu dandalin shaƙatawa da hanyar masu ƙafa. Mu kuwa kafaɗa da kafaɗa muke da okada da danfo. Wanda ya toshe kunne biyu da iyafis a titinmu, ya sayar da ransa da araha. A bar kunne ɗaya a buɗe.

Hukuncinmu a taƙaice: ga tattaki, mudun ya kusa cika, ga sassarfa, akwai tauye awo sosai. Kuma kada wani ya fake da cewa bai samu waƙar da ta dace ba. Ƙafa ta riga iyafis zuwa duniya, abokin tafiya mai daɗin hira ma ya isa. Allah Ya ƙara mana lafiya.